Asabar da dare: mu shiga donjon Avalon ko mu ƙara sati guda?

Zaki227: Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da dare. Maganar Asabar ce. Kun san tun da aka buɗe sabar Turai ta wasan Albion Online a Afrilun 2024 muka baro ta Amurka muka faro daga sifili, yanzu Alhamdulillah mu 14 ne masu shigowa kullum, kuma kowa sai tambayata yake yaushe za mu shiga donjon Avalon mai ƙofar zinariya, ramin nan na manyan dodanni. To ga yadda na ga abin. Wurin nan na mutum 15 zuwa 20 ne, kuma a baƙar zon yake, in wasu suka faɗo mana suka kashe mu komai da ke jikinmu ya tafi har dokin. Muna da tanki biyu masu riƙe dodo su sha bugunsa, ni da Alfari, hila biyu masu warkarwa, Anti da Auta, sauran duk masu duka ne. Ni ra'ayina mu ƙara sati guda muna gwaji a donjon rukuni na yalo zon inda ba a kwashe kaya, amma ba zan yanke ni kaɗai ba. Kowa ya faɗi nasa kafin Alhamis.

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam shugaba. Gwajin mi kuma? Wata nawa muna kashe ƴan ƙananan dodanni a yalo zon kamar sabbin shiga. Ni kayana 6.2 ne tun daga hula har takalmi, wato mataki na 6 da aka ƙara ma ƙarfi sau biyu, daidai da T8, mataki na 8, na sai da shanuna duka na tsibiri na saye su a kasuwar Bridgewatch, yanzu kuma a ce in aje su cikin akwati su yi ƙura? Mu tahi kawai, wanda ya ji tsoro ya zamna gida ya yi kamun kihi.

Maman Hanan (Anti): Ƙanena kayanka masu kyau ne ba musu, amma ranar Lahadi da waɗannan kayan ka tsaya cikin jan da'irar da bos, babban dodon, ya zana a ƙasa inda bugunsa zai sauka kana ta harbi, na zuba maka duk abin da ke hannuna har ƙarfina ya ƙare, da lokacin Zaki ya zo ba ni da abin ba shi, shi ya faɗi, daga nan kowa ya bi. Bos ɗin ma na yalo zon ne fa. 6.2 ba ta hana mutum faɗuwa in ya ƙi matsawa.

Ɗan Ader: Anti wallahi na matsa, a telehon ɗina na riga na hita daga da'irar, rezo ne ya maishe ni ciki

Malam Ping: Wannan kam yana iya zama gaskiya ya faɗa. Abin da kake gani a fuskar waya ba shi ne abin da saba take gani ba. Sabar tana Amsterdam, duk taɓawar da ka yi sai ta je can ta dawo. Ni nan Harobanda da dare ping ɗina, wato lokacin zuwa da dawowar nan, yana yawo tsakanin milisakan 140 da 200, wato in ya kai 200 kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya riga ya tafi kafin ma yatsanka ya yi aiki, ɗan Holan ko ɗan Jamus da ke kusa da sabar bai san wannan wahalar ba. Shi ya sa mu ba za mu iya jira sai ja ya cika sannan mu gudu ba, da ka ga an fara zana shi ka bar harbin ka fice. Kuma ba girman lambar ne ya fi cutarwa ba, tsallen da take yi ne, 150 da ta tsaya cak ta fi 110 da ke tashi 400 duk minti biyu, don ta farko hannunka yana sabawa da ita.

Ɗan Ader: To kun ji, Malam ya wanke ni

Malam Ping: Ban wanke ka ba aboki, cewa na yi ka riƙa gudu da wuri 😂

Baban Iman: Barkanku da hira yara. Bari in sa baki ko da yake ni ba kullum nake shigowa ba saboda aiki. Ni na fara irin wannan wasa da World of Warcraft ne a siber, shi wannan tun 2004 ya fito, kuma akwai wani rami a cikinsa Molten Core da ake shiga mutum 40. Ku yi tunanin tara mutum 40 a sa'a ɗaya kowa da abincinsa da maganinsa. Abin da na gani can kuma nake gani nan shi ne ƙungiya ba ta watsewa don rashin kaya, tana watsewa ne don mutum biyar suna magana lokaci guda a vokal, ɗakin hirar murya na Discord. Ranar Lahadin nan ina ciki ina ji, Zaki yana cewa ku ja baya, wani yana cewa saura kaɗan ku ci gaba, wani yana faɗa da ƙanensa kan sharjo mikro a buɗe, ga kukan akuya daga bayan wani. Sahu ɗaya liman ɗaya ne. In bos ya taso, Zaki kaɗai ke magana, hila su faɗi kalma ɗaya in ƙarfinsu ya kusa ƙarewa, mai gadin ƙofa ya yi ihu in ya ga mutane, sauran kowa ya rufe mikro.

Alfari: Akuyar Bagobiri ce Baba, na gane muryarta, irin tasa ce sak

Bagobiri Wadata: Kai Bazabarme kama bakinka, bawa ba ya magana ubangidansa na zaune. Ni dai a matsayina na mai riƙe da asusun gild, ƙungiyarmu ta wasa, bari in faɗa muku abin da ba ku son ji. In muka shiga mu 14 aka kwashe mu, azurfar da ke asusu, wato kuɗin wasan, ba za ta mayar wa kowa kayansa ba, iyakarta tanki biyu da hila biyu, su ma in kayan ba su wuce 5.2 ba. Don haka duk wanda ya ɗauko 6.2 ya shiga baƙar zon da ita, da kansa ya yi, kada ya zo min da kuka Lahadi da safe. Kuma ko ba a kashe mu ba, duk faɗuwar da mutum ya yi hannun dodo tana cin lafiyar kayansa, sai an je wurin gyara an biya, kuma gyaran kaya masu tsada shi ma da tsada yake. Wannan kuɗin daga cikin ganima za a fara cire shi kafin rabo.

Ɗan Ader: Ah to nan ne ban yarda ba. Mi ya sa tanki da hila kaɗai za a mayar ma kaya? Mu masu duka ba mutane ba ne? In babu mu bos ɗin har asuba yana nan tsaye

Bagobiri Wadata: Saboda ku goma ne su huɗu ne. In kai ka yi fushi ka tafi gobe zan samo mai baka uku a bakin kasuwar Thetford, amma je ka nemo min hila mai jin Hausa mai haƙurin zama awa biyu yana kallon layin jinin mutane ba ya ko ganin bos ɗin, in ka samo ka kawo min shi. Kuma su ba sa iya fita su kaɗai su tara azurfa da sauri kamar ku, sandar warkarwa ba ta kashe komai.

Maman Hanan (Anti): Allah ya yi maka albarka Bagobiri, yau dai wani ya faɗa

Zaki227: To tunda an zo kan hila, akwai maganar da ake ta yi min a gefe, gara in kawo ta fili. Wasu na cewa a cire Auta daga hila a ɗauko wani daga waje don rezonsa yana yankewa. Auta kana nan? Ka faɗi naka da bakinka.

Auta_Bilbis: slm yaya ina nan ina karantawa tun dazu. wlh ni nasan wadanda suke fadin haka kuma bakomai. gaskiya ne yana yankewa amma ba kullum ba, matsalar dakinmu ne can ciki rezo baya shiga sosai, in na fito tsakar gida ko na hau soro lafiya lau yake, ranan lahadi kuran ne aka dauke batir dina yana 12 waya tayi zafi kamar zata kone hannu saida na cire mata riga, kunsan zafin tawa na watan nan. in kunce in koma mai duka zan koma amma spec dina wato kwarewar makami duk akan sandar holy yake wata hudu ina dagashi

Ɗan Ader: Ƙanena ba ƙiyayya ba ce, garinmu guda, amma in hila ya daskare sakan ukku tanki ya tahi, mutum 13 su yi asara sabadda mutum guda

Malam Ping: Ku tsaya, ba sai an cire shi ba, a sake masa aiki dai. Sandar holy warkarwarta nan take ce, ka danna jini ya hau, in ba ka danna ba babu komai, to ita ce ta fi jin jiki in rezo ya yi tsalle. Sandar nature kuwa maganinta a hankali yake shiga, ka ɗora wa mutum har hawa uku yana ta aiki da kansa na ɗan lokaci, ko ka daskare sakan biyu abin da ka ɗora yana nan yana tafiya. Akwai ma Blight Staff da babban bugunta kewaye da kai yake warkarwa kana tafiya, ba sai ka nemi sunan mutum da yatsa a ƙaramin allo ba, wanda shi ne babbar wahalar hila a waya. To Anti tana kan ordinater da wifi, ita ta riƙe babban tanki da holy, kada ta kalli kowa sai Zaki. Auta ya tsaya tsakiyar masu duka da nature yana kula da su. In ya yanke, masu duka suna da abin kare kansu na ɗan lokaci, tanki ne ba shi da wannan damar.

Auta_Bilbis: amma malam nature dina ko T5 ban bude ba

Malam Ping: Shi ya sa shugaba ya ce a ƙara sati. In muka ɗauke ka donjon rukuni kowane dare fem, makin da ake samu in an kashe dodanni, zai hau da sauri, kana da maki na koyo da ka tara ai, zuba su can. Sandunan nature kuma a Thetford ake yawan ƙera su, nan gidanmu, ba sai an yi tafiya ba.

Maman Hanan (Anti): Ni na yarda da wannan amma da sharaɗi. Hila biyu ga mutum 14 a Avalon ya yi kaɗan ko da rezon kowa lafiya yake, ina son na uku. Kuma Auta ɗana, ka sa alkyabbar Lymhurst, ita ce in ƙarfinka ya yi ƙasa take cika maka, na ga kana yawo da ta Thetford mai walƙiya, wannan ta masu duka ce ba taka ba. Ina da guda a akwati zan aiko maka. Sannan ku masu duka don Allah ku ji wannan da kyau don ba zan sake faɗa ba. Ku bar Zaki ya fara taɓa bos, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku saki komai. Dodo yana bin wanda ya fi ba shi haushi ne, in ka sauke masa babban bugunka tun tanki bai riƙe shi ba kanka zai juyo, kai kuma rigar ƙyalle ce a jikinka ba sulke ba, bugu biyu ka kwanta. Kuma in ya juyo kanka kada ka ruga baya wurinmu, ka nufi wurin tanki ya karɓe shi da taunt, bugun da ke jawo hankalin dodo kansa. Abin da kuke yi kullum shi ne ku jawo shi har kan hila.

Zaki227: Ƙari a kan na Anti, ni zan juya fuskar bos wajen bango, ku duka ku tsaya bayansa. Duk wanda na gani kusa da kafaɗata ba wurinsa ba ne. Ina da Incubus Mace da Guardian Armor, duka biyun suna rage ƙarfin bugun dodo amma suna da lokacin hutawa, in na ce "babu" a vokal ma'ana duka biyun sun tafi hutu, a lokacin ne nake buƙatar Anti sosai. Alfari kai aikinka ƙananan da ke fitowa tsakiyar faɗa, ka tattara su gefe guda, kada ka zo taya ni riƙe babban sai na kira sunanka.

Alfari: To wa zai yi gadin ƙofa ke nan? Da ni nake yi da tsohuwar wayata, amma ba zan iya riƙe ƙananan dodanni ina kallon waya ta biyu ba

Bagobiri Wadata: Nan fa ake yin ta. Kowa na son ya shiga ciki, ba mai son tsayawa waje. Amma ku sani bos bai taɓa raba mu da kaya ba, mutane ne ke rabawa. Akwai gild-gild da sana'arsu ke nan, su bar ku ku sha wahala ku kusa gamawa jakunkuna sun cika, sannan su faɗo muku ta baya kuna tsakiyar faɗa. Mai gadi yana ganin jajayen sunaye, wato maharan, ya faɗi adadinsu, mu kuma mu san ko tsayawa za mu yi ko ficewa. Ni shawarata mai gadi ya samu rabo cikakke daidai da na kowa.

Ɗan Ader: Cikakke?? Mutum yana zamne bisa doki tsirara ba ya ko kashe sauro, bai sa kayan ko sisi cikin hatsari ba, ya amshi daidai da ni da na sa 6.2? Rabi dai

Sarauniyar Talaje: Sallama, yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo sun fi ɗari. Ɗan Ader ni na taɓa yin gadin nan a tsohuwar gild ɗinmu ta sabar Amurka, awa biyu ido a kan allo ba ka isa ka je ko shan ruwa ba, fem ko ɗaya ba ka samu alhali ku kuna ciki spec ɗinku yana hawa. In ka ba shi rabi to rabin hankalinsa zai ba ka, sauran rabin yana TikTok. Ku ba ni cikakke ni zan yi na wannan karon, daga baya a riƙa juyawa, har kai ma layi ya zo kanka.

Ɗan Ader: Ni gadi? Allah ya kiyaye

Zaki227: Zai zo kanka kuwa in sha Allah. An gama wannan, Sarauniya ce a ƙofa da rabo cikakke. To kun ga mun koma 13 a ciki, ga Anti na neman hila na uku. Lissafin da kansa yana nuna ba mu kai ba.

Baban Iman: Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bar ni da maganar mutane, akwai wasu yara ƴan Maraɗi da Damagaram da muke haɗuwa a ekspedishon mai wuya, irin ta mutum biyar ɗin nan, tanki ɗaya hila ɗaya masu duka uku. Suna da hila mai kyau da wani mai Shadowcaller, wanda mu ba mu da shi sam, alhali shi ne ke sassauta sulken dodo bugun kowa ya riƙa shiga. Mu duk mun tafi kan makamin da ke nuna babbar lamba a allo, ba mai son ɗaukar na taimako. Zan yi musu magana, amma ba zan kawo baƙi ranar farko a baƙar zon ba, sai sun yi gwaji da mu sau ɗaya mun ji yadda suke a vokal. Ita ma ekspedishon ɗin ina ba ku shawara ku riƙa yi, daga cikin gari ake shiga, ba mai kwashe maka kaya, kuma tana koya wa mutum kallon ƙasa.

Auta_Bilbis: baba dan Allah tambaya, abinci wanne zan saya? naga kowa da nasa

Baban Iman: Hila omlet, tana rage jiran bugu kuma tana sa hannu sauri. Masu duka miyar nama wato stew, ta naman shanu T8 ita ce babba, in ba hali ta rago T6. Tanki sanwic don ƙarin jini. Kowane ci minti 30 yake yi, to donjon na awa biyu ka ga huɗu ke nan, ka ɗauki biyar ko shida. Kuma ba a ci a gari, sai an iso ƙofa, na sha ganin mutum ya cinye nasa yana kan doki rabin lokacin ya tafi a hanya.

Auta_Bilbis: na duba kasuwa babbar omlet din T7 ta alade ce fa 😳

Alfari: 😂😂😂 Auta zai ci alade daren Lahadi

Auta_Bilbis: wlh bazan ci ba ko a wasa ne, haka kawai inna ta leko taga an rubuta porc

Maman Hanan (Anti): Ɗana kwantar da hankalinka, akwai ta dinya T5, ita nake ci tun da na fara, ƙarfinta bai kai waccan ba amma ta fi araha nesa ba kusa ba kuma ba wanda ya taɓa faɗuwa a hannuna saboda omlet. Ka haɗa da maganin ƙarfi a aljihu, ba na jini ba, hila ƙarfi ke yanke masa.

Bagobiri Wadata: Abincin kowa da magani ni zan sayo a dunƙule daga asusu in zuba a akwatin gild, don in kowa ya je da kansa ranar Asabar da yamma farashi ya riga ya hau, Turawa ma a lokacin suke shiri. Kuma kowa ya tabbata ƙofarsa ta fita baƙar zon a Thetford take ɗaure, kada mu taru sannan wani ya ce ai shi tasa tana Martlock, mu zauna jiransa yana ratso taswira da doki. A zo da jaka ba komai ciki, wanda ya cika nauyi tafiyarsa raguwa take, kuma dawowa gida da ganima ita ce ta fi shiga hatsari.

Malam Ping: Nawa shirin na wajen wasa ne, don mu nan shi ke kayar da mu. Waya ta cika 100 tun la'asar, pawa bank ma a cike, kada a dogara da kuran a watan nan, kun san yadda ake ɗauke shi da zarar zafi ya tsananta. Kada ku yi wasa waya na kan sharji in da hali, zafi biyu ne ke haɗuwa, in ta yi zafi da kanta take rage gudu sai ku ga hoto yana tsinkewa ku ce rezo ne. A cire mata riga, a sauke ingancin hoto zuwa ƙasa, a rage ƙyalƙyalin bugun sauran mutane don mutum 15 in suka saki nasu lokaci ɗaya ba za ka ga jan da ke ƙasa ba. Forfe a saya tun da rana a duba ya shiga, wasan kansa ba ya cin mega da yawa, Discord ma haka, abin da ke cinyewa shi ne sabuntawa, don haka a buɗe wasan tun da yamma in akwai abin saukewa ya sauka. A kashe saukar bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp, grup ɗin dangi ɗaya ya isa ya kai ping ɗinka 500. Wanda ke da sim biyu ya gwada duka a daidai wurin da zai zauna, a daidai sa'ar, don rezon ƙarfe huɗu ba shi ne na ƙarfe tara ba. Ekuter dole.

Alfari: Mu na Yamai me zai hana mu haɗu wuri ɗaya? Fadarmu ta Bukoki akwai wifi a shagon maƙwabci kuma yana da sola, ni zan dafa shayi, in wani ya yanke sai na kusa da shi ya faɗa

Malam Ping: Mutum shida kan wifi ɗaya da masu kallon bal a gefe? Uku dai su hau, sauran su zauna kan forfe ɗinsu. Kuma in kuna wuri ɗaya mikro ɗaya za a buɗe, in ba haka ba muryar Zaki sau uku za mu riƙa jin ta.

Sarauniyar Talaje: Sa'a nawa ne wai? An rubuta 20:00 a sanarwar gild

Zaki227: Wannan agogon cikin wasa ne, UTC, mu muna gaba da awa ɗaya, wato ƙarfe 9 na dare a Nijar. Na zaɓe shi don kowa ya yi isha'i ya ci tuwo tukuna, ba na son a tsakiyar bos wani ya ce ana kiransa. Tara saura kwata kowa yana vokal, ina duba kayan mutum ɗaya bayan ɗaya, wanda IP ɗinsa, wato ƙarfin kayansa, bai kai abin da muka tsayar ba ko ya zo ba abinci zai koma ya gyara. Tara da kwata mun hau dawaki, wanda bai zo ba ya same mu a labari.

Ɗan Ader: To wace Asabar ɗin dai? Har yanzu ba ka hwaɗi ba shugaba

Zaki227: Wannan Asabar gwaji a yalo zon tare da mutanen Baba, da tsarin nan gaba ɗaya har mai gadin ƙofa ko da ba a buƙatarta, Auta kan nature. In muka kashe bos na ƙarshe ba wanda ya faɗi cikin ja kuma ba wanda ya buɗe mikro ba dalili, Asabar ta sama mu shiga Avalon. Kuma ko mun shiga ba dole sai mun kai ga Sir Bedivere, bos na ƙarshe, a ranar farko ba, in muka ci bos biyu na ga hannun mutane ya fara sanyi zan ce a fita da abin da aka samu, kada wani ya yi min gardama a lokacin.

Ɗan Ader: Ni dai har yanzu ina ganin ɓata lokaci ne, amma to. Zan zo da 4.2 ranar gwajin, ba ni kashe kuɗɗin gyaran manyan kaya bisa dodon yalo zon

Maman Hanan (Anti): Ka zo da duk abin da ka ga dama, ka dai fita daga ja

Bagobiri Wadata: Kowa ya rubuto min sunansa na cikin wasa da makamin da zai riƙe kafin gobe da azahar in san yawan abincin da zan saya. Alfari har yanzu asusu yana binka azurfar dokin da ka ara wancan watan.

Alfari: Rezo ba kyau nan, ban ga saƙon ƙarshe ba

Auta_Bilbis: anti na ga alkyabbar ngd sosai. wa zai rakani donjon yanzu in fara daga nature din, batir dina 64

Sarauniyar Talaje: Ba ni minti goma in ci abinci. Malam zo ka riƙe mana tanki, Zaki ya ce gobe yana da aikin safe.